Sunan da ke jikin kwandala: wa ya buga kuɗin Farankawa, sarki ko maƙeri?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata kan kuɗin Farankawa ce, mutanen da suka mallaki ƙasar Faransa ta yau da Beljiyam da Holan da yammacin Jamus bayan faɗuwar daular Rum ta yamma. Akwai wata 'yar kwandalar azurfa da hotonta ke yawo, faɗinta kamar milimita 20, nauyinta giram 1.7. Gefe ɗaya gicciye ne da rubutun CARLVS REX FR, ɗaya gefen kuma tambarin sunan KAROLVS da sunan gari, METVLLO. Duk wanda ya ɗora hoton sai ya ce ta Sharlaman ce, babban sarkin Farankawa. To ai jikansa, Sharl mai Sanƙo, sunansu ɗaya, kuma shi ma ya buga irinta a wannan garin. Da me ake rabe su? Kuma tun yaushe sunan da ke jikin kuɗin Farankawa ya zama shaidar cewa sarkin ne ya sa aka buga?

Dakta Lawal: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Tambayar ta biyu ita ce uwa, da ita zan fara. A zamanin Clovis, sarkin Farankawa, wanda ya yi sarauta daga 481 zuwa 511, babu sunan sarkin Farankawa a jikin zinariya. Kwaikwayon kuɗin Rumawa suke yi, da sunan sarkin Kustantiniya, Anastasius, daga baya Justin da Justinian. Iri biyu ne: solidus, mai giram 4.5, wato kashi ɗaya cikin 72 na fam ɗin awon Rum, sai sulusinsa, tremissis, mai giram 1.5. Wanda ya fara karya al'adar shi ne jikan Clovis, Theudebert na ɗaya, wanda ya rasu a 548. Ya sa DN THEODEBERTVS VICTOR a jikin solidus. Marubucin tarihin Rumawa, Procopius, abin ya tsaya masa a rai, har ya rubuta cewa ko sarkin Farisa ba ya sa hotonsa a kan zinariya. Amma bayan Theudebert sunan sarki bai zauna ba. Daga wajen 580 zuwa 670 mafi yawan zinariyar ƙasar ba ta ɗauke da sunan sarki ko ɗaya. Sunan gari take ɗauke da shi a gefe guda, sunan mabugi a ɗaya gefen. Misali DORESTAT FIT, wato an yi ta a Dorestad, da MADELINVS M, wato Madelinus mabugi.

Umaru Ɗan Katsina: Wannan ai shi ne hujjar cewa sarakunan gidan Clovis ba su da iko da kuɗinsu. An ƙirga sunayen wurare kusan 800 a jikin waɗannan sulusai, da mabuga sama da dubu. Wasu wuraren ƙauyuka ne da ko taswira ba ta san da su ba yanzu. Ƙasar da kowane maƙeri zai kafa uwar maƙera ya buga zinariya da sunansa, ina sarki a cikinta?

Hajiya Rabi: Malam Umaru, a yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. In da kowa gaban kansa yake ci, da nauyin ya watse, kowa da nasa. Abin da aka gani akasin haka ne. Wajen 570 zuwa 580 an rage sulusi daga ƙwaya 8 zuwa ƙwaya 7 (a awon Rum cikakken solidus ƙwaya 24 ne), daga giram 1.5 zuwa 1.3, kuma ƙasar ta bi. A Marseille da Arles da Uzès da Viviers ma rubuta adadin suke yi a jikin kuɗin: VII a kan sulusi, XXI a kan cikakken solidus, don mai karɓa ya san ba na 24 ɗin Kustantiniya ba ne. Sannan lokacin da zinariyar ta fara raguwa, tare ta ragu a garuruwan da ke nesa da juna. Maƙera dubu ba za su yi algus iri ɗaya a lokaci ɗaya ba sai da umarni daga sama. Sunan mabugi lamuni ne, in an sami matsala a san wuyan wa za a kama. Sunan wurin kuma yana da alaƙa da haraji. A tarihin rayuwar Eligius, wani mabugin fadar sarki, an ba da labarin mai karɓar haraji tare da mabugi suna narka zinariyar da aka tara suna tace ta kafin a kai wa sarki. Wasu kuɗin ma RACIO FISCI ko RACIO ECCLESIAE ke rubuce a jikinsu, lissafin baitulmali ko na coci.

Umaru Ɗan Katsina: To me ya hana sarkin sa sunansa, Hajiya, in shi ne mai umarnin?

Hajiya Rabi: Inda ya so ya sa. Chlothar na biyu da ya haɗe ƙasar a 613, an cire sunan sarkin Rumawa daga kuɗin Marseille an sa nasa. Ɗansa Dagobert, sai Clovis na biyu, duk akwai sunansu. Eligius ɗin nan maƙerin zinariya ne daga yankin Limoges, ya koyi aiki wurin Abbo, mai kula da bugun kuɗi a can, ya zo fada, sunansa ELIGI yana jikin kuɗin Paris da na Marseille tare da na sarki. A 641 aka naɗa shi bishop na Noyon. Mutumin da ke zaune a fadar sarki yana ba shi shawara ba za a kira shi maƙerin ƙauye mai cin gashin kansa ba.

Maƙerin Fari: Tunda an shigo fagenmu, bari in faɗi yadda ake gane raguwar da Hajiya ta ambata. Sulusin ƙarshen ƙarni na 6 zinariyarsa ta haura kashi 90 cikin ɗari. Bayan 630 aka riƙa zuba azurfa, zuwa wajen 660 wasu ba su kai kashi 30 ba, launinsu ya koɗe ya yi fari-fari. Ido da dutsen gwaji suna ruɗi, domin in kwandala ta shekara dubu a ƙasa, tagullar da ke fatarta da wani ɓangare na azurfar suna cinyewa, sai fatar ta fi cikin kyau. Na'urar da ke haska fata kawai ma tana faɗawa wannan ramin.

Hanyar da ba ta ɓata kuɗin ita ce awo a ruwa. A auna a iska, a rataye da siririn zare a auna cikin ruwa, a raba nauyin farko da bambancin. Tsantsar zinariya 19.3 take bayarwa, azurfa 10.5. Kashi 90 zinariya zai ba da wajen 17.8, rabi da rabi 13.6, kashi 30 kuma 12.2. Matsalar ƙanƙantar kuɗin ce. Sulusi mai giram 1.3, in tsantsa ne, abin da zai rage a ruwa giram 0.067 ne kacal, in azurfa ce zalla 0.124. Duk hukuncin yana tsakanin waɗannan lambobi biyu. Ma'aunin da ba ya karanta 0.001 ba shi da amfani a nan. Ƙwayar kumfa ɗaya da ta maƙale a cikin harafi, ko ƙasa da ta toshe kunnen hoton, ta isa ta mai da kashi 80 ya koma 60. Kuma lissafin yana ɗauka ƙarfe biyu ne kawai. In akwai tagulla da yawa, amsar za ta karkace.

Malam Habu: Madalla. Ana amfani da wannan wajen sanin shekaru?

Dakta Lawal: Ƙwarai. Misalin da ya fi shahara kabarin Sutton Hoo ne a Ingila, wanda aka tone a 1939. A jakar mamacin akwai sulusan Farankawa 37, kowanne daga gari dabam, da fallaye 3 da ba a buga ba, da ƙananan curi 2. Da yake yawancinsu ba sunan sarki, sai aka jera su da ma'aunin zinariyarsu aka gwada da waɗanda ke da sunan sarki kuma aka san lokacinsu. Da haka aka tsayar da kabarin wajen 625. Ga shi kuwa 'yan kuɗin da ke da sunan sarki, duk da ƙarancinsu, su ne sandar awon sauran.

Ɗan Damagaram: Me ya kashe zinariyar gaba ɗaya? Ana yawan cewa Musulmi ne suka rufe tekun Bahar Rum, zinariya ta daina shiga.

Dakta Lawal: Ra'ayin masanin tarihi Henri Pirenne ke nan, amma shekarun ba su goya masa baya sosai ba. Raguwar ta fara tun zamanin Dagobert, wanda ya rasu a 639, alhali Kartaj, a Tunisiya ta yau, ba ta faɗa hannun Musulmi ba sai 698. Abin da ya fi kusa shi ne kyautar zinariyar da sarakunan Kustantiniya ke aiko wa Farankawa don su yaƙi Lombardawa a Italiya ta yanke, harajin ƙasa irin na Rum yana mutuwa, abin da ke hannu kuma yana tafiya cikin kayan coci da kaburbura. Wajen 670 zuwa 675 aka bar zinariya aka koma azurfa zalla, denarius, mai kauri da ƙanƙanta kamar sulusin da ya gada. Wani binciken dalmar da ke cikin azurfar, da aka fitar a 2024 kan kuɗi 49 na gidan tarihin Fitzwilliam a Kambirij, ya nuna na farkon, daga 660 zuwa 750, azurfarsu ta Rumawa ce, alamar narka kwanoni da faranti aka yi. Bayan 750 sai azurfar Melle ta mamaye.

Maƙerin Fari: Melle ɗin nan ita ce METVLLO ta tambayar Malam Habu, a yankin Poitou. Dutsen dalma ne mai 'yar azurfa, giram kaɗan a kowane kilo. Wuta suke hurawa a jikin dutsen cikin rami har ya tsage, a farfasa, a wanke a zubar da tsakuwa, a narka a sami dalma. Sai a sa dalmar a kasko mai toka a yi ta zuga iska a kanta. Dalmar na ƙonewa tana shigewa cikin toka ko a kwashe ta, azurfar ta rage tana ƙyalli. In wuta ta yi yawa azurfa na bin dalma ta salwanta, in ta yi kaɗan dalma ta rage a ciki, fallen ya riƙa tsagewa a baki in an doke shi. Itacen da wannan aiki ke ci ba kaɗan ba ne.

Bugun kansa hatimi biyu ne na ƙarfe. Na ƙasa a kafe yake a kututture, na sama a hannu, falle a tsakani, a sauke masaba. Na sama ke shan duka, shi ya sa ya fi saurin mutuwa, sai ka ga hatimin ƙasa ɗaya ya yi aure da na sama biyu ko uku. Da wannan auren ake gane kuɗin da suka fito daga maƙera ɗaya. Kurakuran su ma sanannu ne. In fallen ya motsa tsakanin duka biyu rubutu ya ninku. In mai sassaƙa ya manta cewa a juye ake yanka hatimi, S ko N su fito a birkice. In kwandala ta maƙale a hatimin sama aka sa sabon falle, hoton ya fito a lotse a bayan na biyun. A zamanin Luwis ɗan Sharlaman, Melle ta buga kuɗi da hoton hatiman biyu da masaba biyu a jiki.

Hajiya Rabi: Yanzu an iso inda sunan sarki ya dawo da gaske. Pepin, mahaifin Sharlaman, ya hau a 751, kuma wajen 755 ya yi doka cewa kada a fitar da fiye da solidus 22 daga fam ɗaya na azurfa, mabugi ya riƙe ɗaya ladansa. Kwandala 264 ke nan. Aka faɗaɗa fallen aka sirance shi, aka sa RP ko RF, wato sarki Pepin ko sarkin Farankawa a taƙaice, sunan mabugi ya fara ɓacewa. Sharlaman ya hau a 768, kuɗinsa na farko CARO a sama, LVS a ƙasa, giram 1.3. Tsakanin 793 da 794 ya ɗaga nauyin zuwa 1.7, ya kawo tambarin KAROLVS. Fam ɗaya, wajen giram 408, ya zama denarius 240. A taron Frankfurt na 794 aka ce duk ɗa da ya ƙi karɓar sabon kuɗi mai sunan sarki, cikakken nauyi, tsantsar azurfa, tararsa solidus 15, bawa kuma bulala. A taron aka ƙayyade farashi: mudun hatsin dawaki denarius 1, sha'ir 2, hatsin rye 3, alkama 4. Burodin alkama 12, kowanne mai fam biyu, denarius ɗaya. Ku lissafa, tarar nan denarius 180 ce, kuɗin mudun alkama 45, kuma mudunsu babban ma'auni ne, ba irin na kasuwarmu ba.

Gwaggo Asabe: Yaran yanzu ba za su gane ba, amma wannan lissafin namu ne na da. Kwabo 12 sule, sule 20 fam, fam ɗaya kwabo 240. Sisi rabin sule, taro rubu'insa. Harafin d da ake rubutawa bayan kwabo, denarius ne. Ingila ta bar shi a 1971, Najeriya ta koma naira da kwabo ɗari ranar 1 ga Janairu 1973.

Ɗan Damagaram: Haka ne Gwaggo. Ta wajenmu kuma kalmar Faransanci ta sou daga solidus ta fito. Shi franc ba na Farankawan nan ba ne, sai 1360 aka fara buga kuɗi mai wannan sunan. Dinari ma da muka karɓa daga Larabci, asalinsa denarius ne, sai dai ya koma sunan zinariya.

Dakta Lawal: A kula da abu ɗaya. A tsarin Sharlaman solidus da fam lissafi ne kawai, ba a buga su. Abin da ke hannun mutane denarius ne da rabinsa, obol. Kuma masu karanta tsohuwar dokar Farankawa da ake kira Salic kan ruɗe, don a can solidus denarius 40 ne. Diyyar ɗa Bafaranke solidus 200, an rubuta ta denarius 8,000.

Umaru Ɗan Katsina: Me ya sa 1.7? Akwai masu cewa don ya dace da dirhamin Abbasiyawa ne. Sharlaman ai ya yi hulɗa da Haruna Rashid, giwar da aka aiko masa ta isa Aachen a 802.

Hajiya Rabi: Masanin tarihi Sture Bolin ne ya kawo wannan. Hulɗa akwai, dirhami ma ya shigo, don a taskar Ilanz ta Suwizalan, wato tarin tsoffin kuɗin da aka tono a can, an sami dirhamai tare da kuɗin Sharlaman da na Offa sarkin Mercia ta Ingila. Amma dirhami kusan giram 3 ne tun gyaran Abdulmalik na wajen 697, kuma 1.7 ba rabinsa ba ne, ba sulusi biyunsa ba. Bayanin Philip Grierson, masanin tsoffin kuɗi, ya fi zama a ƙasa: an bar awo da ƙwayar sha'ir an koma ƙwayar alkama. Sha'ir 20 giram 1.3, alkama 32 giram 1.7. A lokacin ma aka ƙara girman mudu, gyaran ma'aunai ne baki ɗaya.

Malam Habu: Allah ya ƙara sani. To a dawo kan tambayata ta farko.

Dakta Lawal: Kwandala ɗaya tilo, ba tarihin inda aka tono ta, irin ta Melle mai CARLVS REX FR, ba a yanke mata hukunci da rubutu. Sharlaman ya buga ta daga 794, Sharl mai Sanƙo ya dawo da ita bayan 840, bayan mutuwarsa a 877 aka ci gaba, kuma sarakunan yankin Poitou sun yi ta buga sunan CARLVS da METALO har ƙarni na 12, babu wani Sharl a kan gado. Abin da ke raba gardama taska ce. In an same ta tare da kuɗin Offa ko na farkon Luwis, ta kakan ce. In tare da na Lothar, yayan Sharl mai Sanƙo, ko na Pepin na biyu na Akitaniya, ɗan ɗan'uwansa, ta jikan ce. Dalilin da wannan ke aiki shi ne Luwis ya canja kuɗi ya janye tsoho. Nasa iri uku ne: mai hoto daga 814, mai sunan gari a tsakiya daga 818, sai mai hoton ɗakin ibada da XPISTIANA RELIGIO, wato addinin Kirista, daga wajen 822 zuwa 840, wanda ba sunan gari ko ɗaya a jikinsa. Taskokin wannan lokacin kusan iri ɗaya ne zalla a ciki, shaidar janyewar ta yi aiki. Saboda haka kuɗin Sharlaman ba su cika tsallakowa zamanin jikansa ba. Bayan taska sai salon haruffa, auren hatimi, da ƙarfen.

Maƙerin Fari: A azurfa kada a dogara da awon ruwa. Azurfa 10.5, tagulla 8.9, rabi da rabi 9.6, tazarar ta yi kaɗan, tsatsar ciki kuma tana rage nauyi. Jabun zamani ya fi sauƙin kamawa: sau da yawa na zubi ne, akwai layi a baki inda kaskon biyu suka haɗu, da ƙananan ramukan kumfa, haruffan kuma sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Na gaske fallensa siriri ne, bakin haruffa da kaifi. 'Yan tsage-tsage na bakin wuƙa da ake gani a wasu kuwa ba aibi ba ne, gwajin mutanen Viking ne, maharan teku daga arewacin Turai, ana ganinsu a kuɗin taskar Cuerdale ta Ingila.

Hajiya Rabi: Ƙarfen ya lalace sosai a shekarun 840 zuwa 860, wasu gidajen har rabi tagulla. Yaƙin 'ya'yan Luwis ne da rabon ƙasa na Verdun a 843, ga fansa: a 845 an ba Viking fam 7,000 na azurfa su bar Paris, kusan tan uku, kwatankwacin denarius 1,680,000. Gyaran shi ne dokar Pîtres da Sharl mai Sanƙo ya yi ranar 25 ga Yuni 864. Gida goma aka yarje wa bugu: fada, Quentovic, Rouen, Reims, Sens, Paris, Orléans, Chalon, Melle, Narbonne. Ranar 1 ga Yuli kowane hakimi ya aiko wakilinsa da mabugi zuwa Senlis a ba su fam biyar na azurfa daga taskar sarki, jarin fara aiki, kwandala 1,200, su mayar kafin azumin Kirista. Daga 11 ga Nuwamba tsohon kuɗi ya daina karɓuwa. Mai jabu a yanke masa hannu. Fam ɗin tsantsar zinariya kada ya wuce fam 12 na azurfa. Kuma azurfar ta koma sama da kashi 90.

Umaru Ɗan Katsina: Ga inda zan rama, Hajiya. Dokar ta ce gida goma, amma sabon kuɗin mai GRATIA D-I REX, wato sarki da yardar Allah, ya fito da sunan garuruwa sama da ɗari. Zanen da dokar ta siffanta ma ba shi aka buga ba: ta ce sunan sarki ya kewaye tambarin, abin da ya kewaye shi kuwa GRATIA D-I REX ne. Takarda dabam, maƙera dabam.

Hajiya Rabi: Gida goma ba za su iya canja kuɗin ƙasa guda cikin wata huɗu ba, ga fansar fam 4,000 da ta biyo baya a 866, dole aka buɗe wasu. Amma garuruwan nan ɗari zane ɗaya suka bi, nauyi ɗaya, ƙarfe ɗaya, kuma an ga hannun mai sassaƙa ɗaya a hatiman garuruwa da yawa, wato daga cibiya ake raba su. In kana neman inda linzami ya kuɓuce, Malam Umaru, ka duba bayan 888, lokacin da Odo, wanda ba ɗan gidan Sharlaman ba ne, ya hau, hakimai da bishop-bishop suka riƙe gidajen bugu suna maimaita tambarin KAROLVS har haruffan suka narke suka zama zane kawai.

Umaru Ɗan Katsina: Wannan na yarda. Na 580 zuwa 670 ne har yanzu ban sallama ba. A kawo mini doka ɗaya ta sarkin gidan Clovis da ta ƙayyade nauyin sulusi kamar yadda Pepin ya ƙayyade na denarius.

Dakta Lawal: Malam Habu, in mai hoton zai ƙara ɗorawa, ya ɗauki gefe biyun a kan takarda mai layin milimita, hasken ya zo daga gefe don haruffa su yi inuwa, ya rubuta nauyin har lamba biyu bayan ɗigo. Kada ya goge ta da toka ko lemun tsami.